Katin Hoto da Fankar Umma

Auta ne ya fara tayar da maganar. Wata Juma'a bayan la'asar ya shigo ɗakina ya tarar ina gyara rubutun wata marubuciya, ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Yaya, da za ka sa mata katin hoto, wallahi da na daina zuwa gidan gem."

Ya san inda ya taɓa. Gidan gem ɗin unguwarmu shi ne abin da ya hana Umma barci a wannan shekarar. Yaro ɗan aji biyar na sakandare ya fita bayan magariba, ba zai dawo ba sai sha ɗaya, rigarsa na warin hayaƙin da ba shi ya sha ba, ko kuma haka yake cewa. Faɗa bai yi magani ba, kulle ƙofa bai yi ba. Ni kuma a lokacin ina da kuɗin adashe da na ɗauka, waɗanda na yi niyyar buga littafina na gajerun labarai da su. Duk wanda ya taɓa zuwa maɗaba'a ya tambayi kuɗin kwafi ɗari biyar ya san irin zaman da ake yi kafin a tara su.

Kwamfutar tawa tsohuwar ta ofis ce, tokunbo, mai Core i5-6500 da ram gig 8. Da ita nake buga wa mutane rubutu, nake tsara bangon littafi, nake cin abinci. Ba ta da katin hoto na daban, ɗan abin da ke cikin furosesa ne yake fitar da hoto, wanda ya isa rubutu da kallon fim amma ba ya iya ɗaukar wasan ƙwallo na zamani. Auta EA Sports FC 24 yake so, wato wasan da muka sani da FIFA kafin a canza masa suna a 2023. Na duba abin da kamfanin ya ce wasan yana buƙata: mafi ƙaranci GTX 1050 Ti ko RX 570 mai gig 4, wanda suka fi so kuma GTX 1660. Na rubuta waɗannan a takarda na nufi kasuwa, ina ganin aikin awa ɗaya ne.

A shagon farko aka nuna mini RX 580 mai gig 8, kuma kuɗinsa bai kai yadda na zata ba. Gig 8! Zuciyata ta kwanta a kansa nan take, domin mu dai a nan babbar lamba muke bi, ko a waya ko a janareta. Dalilin arharsa kuwa sananne ne. AMD ta fitar da shi tun 2017, kuma masu haƙar kuɗin intanet sun saye shi da yawa suna haƙar Ethereum. Da Ethereum ta canza tsarinta a watan Satumba na 2022 aka daina haƙarta da katin hoto, sai aka juye su a kasuwannin duniya, har suka iso mana ta Legas. Wasunsu sun shekara uku ko huɗu suna aiki dare da rana babu hutu. Akwai ma wani iri da ake rubuta wa 2048SP, wanda sunan RX 580 kawai ya ɗauka, ƙarfinsa na ƙaninsa RX 570 ne. Duk da haka, in gaskiya za a faɗa, kati ne mai ƙarfi, kuma a kan kuɗinsa da wuya ka samu abin da ya fi shi gudu.

Allah ya taimake ni ban biya ba a ranar. Na koma gida na kwance murfin kwamfutar, abin da ya kamata in fara yi tun farko. Akwatin wutar da ke ciki, wanda masu gyara ke kira fawa sufulai, bai kai wat 300 ba. Shi kuma RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185, kuma yana buƙatar wata wayar wuta mai baki 8 da za a soka masa kai tsaye. Ramin da ake dasa kati a jikin madabod wat 75 kawai yake bayarwa, duk abin da ya haura haka sai ta wannan waya. Akwatina ba shi da ita. Na ce to sai in canza akwatin. Nan ma wata matsalar: kwamfutocin ofis da yawa suna da bakin wuta irin nasu na kamfani, wanda akwatin kasuwa ba ya shiga sai da dabara, kuma dabara a kan injin da nake cin abinci da shi ba ta kwanta mini ba.

Amma abin da ya yanke hukuncin ba a cikin kwamfutar yake ba, a tsakar gida yake, ƙarƙashin matakala. Batirinmu na sola guda ɗaya ne, bolt 12, amfiya 200. Na zauna na yi lissafin da rabona da shi tun ina makaranta: 12 sau 200 ya ba da 2400. Irin wannan batirin ba a son a shanye fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 1200, kuma inbata ma tana cin nata kason. Da RX 580, kwamfuta da monita za su ja kusan wat 300 in wasa ya yi zafi. Awa biyu na ƙwallo ke nan sun cinye 600, rabin abin da gidan gaba ɗaya zai kwana da shi. A watan Afrilu, a Kano, wannan na nufin fankar Umma ta tsaya kafin asuba. Na hango ranar da za ta farka cikin gumi ta tambayi me ya shanye batirin, a ce mata ai Auta da yayansa ne suka buga ƙwallo. Da an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na kalli bidiyon masu sharhi na Amurka da Ingila ba adadi, har data ta ƙare sau biyu. Sun san aikinsu, ban raina musu ba. Sai dai tambayar da suke amsawa ita ce hoto nawa kati ke fitarwa a daƙiƙa a kan kowace dala. Tawa tambayar daban ce: awa nawa zai bar wa fanka. Babu wanda ya amsa mini ita domin babu wanda wuta ke ɗauke masa. Na lura mu ma marubuta muna yin irin wannan, mu ɗauko shawarar da aka tsara don wata kasuwa mu ɗora a kan tamu, sannan mu yi mamakin abin da ya hana littafi tafiya.

Sai na koma neman katin da ramin madabod kaɗai zai ciyar da shi, wato mai wat 75. Biyu ne a gabana: GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, duka masu gig 4.

A nan ne na kusa yin asara. Wani mai shago ya fito mini da 1050 Ti sabo dal a kwali, da leda, da faifan CD, a farashin da bai kai na tokunbo ba. Abin da ya ƙara burge ni shi ne yana da bakin VGA, shuɗin nan mai ƙusa biyu, kuma tsohuwar monitata shi kaɗai take da shi. Na ce an yi ruwa an huce. Har na fara ƙirga kuɗi, sai wani dattijon mai gyara da ke zaune a gefe yana shan shayi ya ce, "Samari, miƙo in gani." Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "1050 Ti na gaskiya ba ya zuwa da VGA. Tun daga wannan zubin aka daina sa musu." Ya dasa shi a injinsa ya buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna GPU-Z, sai ga alamar jabu ta fito a gaban sunan. Ashe tsohon kati ne na wajen 2010, irin su GTS 450, ake sauya masa bayanan ciki ya riƙa kiran kansa da sunan da ba nasa ba. Mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, siffar da ta fi jan hankalina ita ce shaidar ƙaryar.

Na ce wa dattijon, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce in bar shi, in dai riƙa tambaya kafin in zaro kuɗi.

A wani shagon na samu GTX 1650 tokunbo. Na tabbatar ba irin mai neman ƙarin waya mai baki 6 ba ne, domin akwai su, kuma na zo da tsinken tsintsiya da na auna tsawon wurin da zai zauna a cikin akwatin. Na ce sai an gwada. Muka buɗe GPU-Z, suna ya yi daidai. Muka kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati lamba har ya nuna halinsa, na ce a bar shi minti ashirin. Mai shagon ya ce, "Alhaji, janareta fa nake ƙonawa." Na ce zan biya kuɗin man. Hoto bai tsage ba, zafin ya tsaya a saba'in da 'yan kai, fankar ba ta kuka. Na biya, na haɗa da ƙaramin abin da ke juya HDMI zuwa VGA.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Masu sharhi sun soki GTX 1650 tun fitowarsa saboda RX 570 ya fi shi gudu kuma ya fi shi arha, kuma gaskiyarsu ne. Gig 4 ta yi kaɗan ga sababbin wasanni, nan da 'yan shekaru zai zama tarihi. Furosesata ma ta ɗan gaza abin da wasan ya nema, don haka wani lokaci in aka zo bugun kwana hoton yakan yi 'yar sarƙewa. Mun rage kyan ciyawa da na 'yan kallo, muka bar shi a tsaka-tsaki. Amma injin gaba ɗaya bai fi rabin wutar da wancan zai sha ba, kuma aikin bango ya ƙara sauri, abin da ban ma sa a lissafi ba.

Kuɗin littafin sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ga takarda ta ƙara tsada tun da naira ta faɗi a 2023. Na ɗage bugun zuwa wani adashen. Ranar taronmu na wata-wata da aka tambaye ni ina littafi, na ce yana hanya, ban faɗi inda kuɗin suka shiga ba sai yau.

Dokar gida ita ce wasa daga bayan isha'i zuwa tara da rabi, kuma in hadari ya hana batiri cika, babu wasa. Auta ya karya ta sau biyu. Yana zuwa gidan gem har yanzu, amma ranar Asabar kawai, da rana. Abokansa biyu sun fara biyo shi gida, Umma na zuba musu tuwo tana ƙorafin sun cika ihu. Duk ƙarshen wata, musamman da hunturu, nakan kwance murfin in hure ƙurar da ta taru a fankar katin, shi kuma ya riƙe mini tocila. Jiya ya ci ni biyar da ɗaya, da Arsenal ɗin da na hana shi ɗauka.