Tsintuwa a Tsandaurin Dartmoor

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Devon, akwai wani tsandauri mai suna Dartmoor wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 954. Tun shekarar 1951 hukuma ta keɓe shi a matsayin gandun ƙasa, amma kada mai karatu ya zaci gandu ne irin na Yankari mai itatuwa da giwaye. Fili ne fetal, ciyawarsa gajera, ƙasarsa baƙa mai riƙe ruwa kamar soso, sai tumaki da wasu gajerun dawaki da ke kiwo ba makiyayi. A kan kusan kowane tudu akwai duwatsu a jibge, wani bisa wani, kamar da gangan aka jera su. Wanda ya san duwatsun Kwatarkwashi ko na Jos zai gane danginsu ne, sai dai a nan hazo da yayyafi ne ke lulluɓe su a madadin rana.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da al'adar ɓoye abu a daji domin baƙo ya tarar. A 1854 wani ɗan jagora daga garin Chagford mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wata fadama mai wuyar shiga a tsakiyar tsandaurin, domin duk wanda ya iya kaiwa can ya jefa katin sunansa a ciki. Daga baya aka koma barin wasiƙa: ka rubuta, ka ajiye, wanda ya zo bayanka ya ɗauka ya kai maka gidan waya. Ba ku san juna ba, ba kuma za ku haɗu ba.

Jikan wannan al'ada shi ne wasan da ake kira geocaching, wato farautar ɓoyayyen akwati da na'urar GPS. A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina gurɓata saƙon taurarin ɗan'adam da take yi wa farar hula da gangan, sai kuskuren na'urar ya sauko daga wajen mita 100 zuwa kimanin 10. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin jihar Oregon, da littafin sa hannu da 'yan tarkace har da gwangwanin wake, ya sanar da lambobin wurin a intanet. Yau irin waɗannan akwatuna sun haura miliyan 3 a faɗin duniya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ka gano akwati ka rubuta sunanka da kwanan wata a littafinsa, in ka ɗauki wani abu ka ajiye wanda bai gaza shi daraja ba, sannan ka mayar da akwatin daidai inda ka same shi.

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni birnin Exeter, wanda ke gabas da tsandaurin. Ranar Asabar wani abokin aiki Bature, wanda wannan wasa ya zame masa jiki, ya ɗauke ni zuwa Haytor. A nan akwai tsohuwar hanyar taragu ta 1820 da aka shimfiɗa da sassaƙaƙƙen dutse maimakon ƙarfe, wadda dawaki suke jan taragun duwatsu a kanta. Muna bin wannan hanya wayarsa ta nuna saura mita kaɗan. Mun ɗau kusan minti ashirin muna leƙen ƙarƙashin duwatsu kafin hannuna ya taɓa wata robar abinci mai murfi a cikin wani tsagi.

A ciki akwai ɗan littafi da ya sha danshi, da fensir, da 'yan kayan wasan yara. Akwai kuma wani ƙaramin doki na katako, an ɗaura masa farantin ƙarfe irin wanda sojoji ke ratayawa a wuya, da hoton ƙwaro da wasu haruffa da lambobi a jiki. Wannan shi ne Travel Bug, wanda aka fara yi a 2001. Shi ba kayan musaya ba ne, matafiyi ne. Mai shi yakan saye shi, ya yi masa rajista da sunansa a shafin Geocaching.com, ya rubuta inda yake so ya kai, sannan ya sake shi. Duk wanda ya tarar da shi sai ya shigar da lambar a shafin, ya ga burinsa, ya matsar da shi zuwa wani akwati na gaba. Da haka abin da bai fi ɗan yatsa ba yake ƙetare teku a aljihun mutanen da ba su san mai shi ba.

Abokina ya shigar da lambar, sai shafin ya ce ba a yi wa wannan faranti rajista ba. Ba suna, ba buri, ba tarihin tafiya. A idon kwamfuta dokin nan ba shi da ubangida. Ya ce da ni, "Dakta, ka yi sa'a. Wasu sukan bar sabon faranti a matsayin kyauta ga wanda ya zo. Kana iya neman lambar rajistarsa ka mayar da shi naka." Gaskiya ya faɗa, ana yin hakan, musamman a sabon akwati domin wanda ya fara gano shi.

Ban gamsu ba, dalilina kuma dokin ne. Mai ba da kyauta yakan bar farantin a ledarsa, tare da takardar da ke ɗauke da lambar rajista. Wannan kuwa an cire shi daga leda, an huda wuyan dokin, an zura sarƙa, har an shafa wa gezarsa jan fenti da hannun da bai ƙware ba. Wanda ya yi wannan wahala ya shirya matafiyi ne, mataki ɗaya kawai ya tsallake. Rajista shaida ce ta mallaka, amma ba ita ke haifar da mallakar ba, kamar yadda gonar da ba ta da takarda a ofishin filaye ba ta zama ta mai wucewa.

Mu da muka tashi muna jin cigiya a rediyo da ƙofar masallaci mun san cewa tsintuwa amana ce kafin ta zama rabo, malaman fiƙihu kuma sun yanka mata shekara guda ana shela. Dokar Ingila ta sata, ta 1968, ba ta yi nisa da haka ba: mai tsintuwa yana kuɓuta ne idan ya yi imani cewa ba za a iya gano mai kayan ta hanyoyin da hankali zai ɗauka ba. A nan kuwa hanyar tana hannunmu, domin abin da kwamfuta ba ta sani ba littafin nan mai danshi ya sani. Mutum biyar ne suka sa hannu a cikin makonni uku da suka wuce, kowa da laƙabin da yake amfani da shi a shafin.

Sauran tambayar ita ce a bar shi ko a ɗauka. In mun bar shi, na gaba yana iya ɗaukarsa abin wasa ya ba ɗansa, ko ya yi masa rajista da sunansa, shi ke nan an rufe babin. Saboda haka na ɗauka, na rubuta a littafin cewa dokin yana hannuna da yadda za a same ni. Da yamma muka aika saƙo ga mai akwatin da mutanen nan biyar. Mun kwatanta dokin, amma ba mu rubuta lambar a fili ba, ba mu kuma sa hotonta ba, domin duk wanda ya ga lambar yana iya yin iƙirarin abin daga ɗakinsa ba tare da ya taka Dartmoor ba. Wanda ya ce nasa ne, shi zai faɗi launin gezar.

Uku ba su amsa ba. Ɗaya ya ce ya gan shi bai taɓa ba. A rana ta huɗu, saura kwana biyu in taso gida, saƙo ya zo daga wani dattijo. Ya ce gezar ja ce, jikansa ɗan shekara bakwai ne ya shafa fentin, su kuma sun ɗauka da an jefa faranti a akwati aikin ya ƙare. Takardar rajistar tana nan a aljihun motarsa, tare da kwafin farantin da ake bar wa mai shi. A daren ya yi rajistar. Da na sake shigar da lambar sai ga suna ya fito, ga kuma buri: yaron yana so dokin ya kai New Zealand, inda gwaggonsa take zaune.

Hanyata ba ta bi ta can ba, don haka washegari na nemi wani akwati kusa da tashar jirgin ƙasa ta Exeter, inda matafiya suka fi yawa, na sa shi a ciki, na rubuta a shafin cewa na sauke shi. Bayan wata biyu na duba daga ofishina, na tarar wani ya ɗauke shi ya ajiye a wani akwati a ƙasar Holan.