Toka da Ragowar Mai

A kasuwar Ƙofar Wambai da wuya abu ya mutu. Gwanjo, tsofaffin jarkoki da kwalabe, kowanne yana jiran mai saye. Can matan Zumuntarmu ke sayo robobin da suke zuba sabulun salo.

Aikin na masu haƙuri ne. Akan ƙona karan dawa, a zuba tokar cikin tukunya mai huji, a bi ta da ruwa ya tsiyaye. Ruwan nan yana cin hannu, shi ya sa ba a barin yara kusa. A tafasa shi ya yi kauri, a zuba man kaɗe ko ragowar man suya da aka tace, a yi ta tuƙawa kamar tuwo. In toka ta rinjayi mai, sabulun ya ci fata. In mai ya rinjaya, ba kumfa.

'Yan'uwa, Ubangiji Yesu, wanda ya ƙosar da mutum 5,000, shi ne ya sa aka tattara gutsattsarin, kwando 12 (Yohanna 6). Ba rashi ya sa shi ba.

Wata gwauruwa a ikilisiyarmu da wannan sabulu take biya wa marayunta uku kuɗin makaranta. Raina yakan ɓaci in na ga masu bi suna taya mata har su karya farashin, alhali a kanti ba sa buɗe baki. Ranar Lahadi za ta sāke kawo shi bakin majami'a.