Yaron da Gori Ya Kai Daba

Mu da muka tashi a unguwar Kusugu mun saba da baƙi tun muna ƙanana. Mota za ta tsaya, 'yan makaranta daga Kano ko Zariya su sauko, wani lokaci har da Turawa, a buɗe musu ɗakin da aka gina a kan rijiyar Kusugu, a ba su labarin Bayajidda da macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a zura guga a ba su su kurɓa. Mu kuma muna rakuɓe muna saurare. Babu labarin da ya shiga kunnenmu kamar wannan, kuma abin da ɗa namiji ke tsinta a cikinsa ba ɓoyayye ba ne: wanda ya zare takobi ya sare kai, shi ya auri sarauniya. Ba wanda ya taɓa faɗa mana haka da baki, amma duk wasanninmu da karan dawa a kan haka suke tafiya.

Makarantarmu ta biyu ita ce gidan kallo. Zaure ne mai benci, da talabijin guda, da bidiyo mai cin kaset, da ƙaramin janareta a bayan katanga. A ƙarshen shekarun 1990 abin da ake sa mana shi ne Indiya, da Canis masu tashi sama, da Rambo, da Commando. Sai finafinan Hausa suka shigo da ƙarfinsu, Sangaya a 1999, Wasila a 2000, har manya suka fara leƙowa. A wannan zauren muka koyi yadda jarumi ke tafiya, da yadda yake kallon abokin gaba. A nan kuma muka koyi wanda ake yi wa dariya.

Akwai wani yaro sa'ana da gidansu ke bayan namu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mahaifiyarsa na da rai, kuma mutanen Daura sun san juna. Mahaifinsa ya rasu yana goye, ya tashi shi kaɗai namiji a cikin yayye mata, innarsa tana tuyar ƙosai da safe, tana tuwon sayarwa da dare. Shi ke niƙa, shi ke fifita wuta, kafin ya kai shekara goma sha biyu ya iya tuƙa tuwo babu gudaji. Muryarsa siririya ce, in yana magana hannunsa na rawa, in abu ya ba shi dariya sai ya rufe baki. A makarantar allo kuwa duk ya wuce mu. In yana biya karatu, malam kan ajiye dorina ya saurara. Wannan bai hana sunan ya bi shi ba. Da farko a bayan ido ake cewa ɗan daudu, daga baya aka koma faɗa masa a fuska, har yaran da ba su kai shi ba sukan bi shi suna kiransa Hajiya.

Abubuwa biyu suka ƙara wa sunan nauyi a shekarun nan. A 2000 jihar Katsina ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'a, aka rufe gidajen mata masu zaman kansu, 'yan daudun da muka saba gani suna soya kaji da waina a bakin tasha wasu suka bar gari, wasu suka sa hula suka rage magana. Abin da a da tsokana ce, yanzu ya zama zargi mai iya jawo duka. Na biyu kuwa ya fito ne daga gidan kallo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya yi fim ɗinsa Ibro Ɗan Daudu a 2002. Ibro gwani ne, kuma ba na zaton ya taɓa nufin cutar da wani yaro a Daura. Amma daren da aka sa kaset ɗin, duk sanda ya karya wuya ya tafa hannu, sai kawunan zauren su juya wajen abokina. Shi ma ya yi ta dariya tare da mu har aka tashi. Bai ƙara shiga zauren ba.

Daura ba garin daba ba ne irin Kano, kuma ƙaurayen da ake ji a birnin Katsina ba su yi ƙarfi a wajenmu haka ba. Amma muna da 'yan tauri da 'yan farauta tun kaka da kakanni, kuma a gefensu akwai samarin da suka ɗauki wuƙar suka bar ladabin da ke tare da ita. Wajen waɗannan ya nufa. Cikin rani guda ya sha maganin ƙarfe, ya ɗaura guru da kambu, ya koyi shaƙar sholisho, ya daina shiga kicin ɗin innarsa. Ya koyi magana daga maƙoshi. Hannun nan mai rawa ya cusa shi a aljihu, inda ɗan bida yake.

A lokacin sallar Gani, ana tsakiyar hawa, gari ya cika da baƙi, wani saurayi ya ga wucewarsa ya kira tsohon sunan. Bai ce uffan ba. Ya karɓi gora daga hannun wani ya sauke masa a ka, ya ci gaba da duka har sai da dogarai suka shiga tsakani. Daga ranar sunan ya mutu a unguwa. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai: shekara da shekaru yaron nan yana haƙuri, yana karatu, yana taimakon uwarsa, ba a ƙyale shi ba, ranar da ya fasa kan mutum, ranar aka fara matsa masa wuri a dakali. Mutanen da suke masa gori su ne suka koma cewa ashe namiji ne.

Sai ya zarce kowa. A cikin ƙungiyar tasu babu wanda ake tsoro kamarsa, kuma babu wanda ya fi shi zafi a kan yara masu irin halinsa na da. Akwai wani bawan Allah mai sayar da abinci da ya rage a gefen tasha, dattijo mai laushin magana wanda bai taɓa tare wa kowa hanya ba. Da samarin suka je suka kifar masa da tukwane suka yi masa jina-jina, abokina ne a gaba. Zaɓen 2003 ya zo da zafinsa, ɗan garinmu Janar Muhammadu Buhari yana takarar shugaban ƙasa karon farko, gari ya ɗauki ɗumi, ƙananan 'yan takara na kowane ɓangare suna neman 'yan banga. Wani daga cikinsu ya ɗauke su, yana ba su kuɗin ƙwaya da mota.

A cikin watannin nan ne ya same ni wani dare a soron gidanmu ina bitar jarrabawa. Ya zauna ya daɗe bai yi magana ba, ga warin abin da ya sha. Can ya ce, da tsohuwar muryarsa wadda na kwana biyu ban ji ba: "Kai ɗan makaranta ne, kuma kai ba ka taɓa kirana da sunan nan ba. Wallahi abin da kuke ji game da 'yan mata ni ban taɓa jinsa ba. Na yi azumi, na sha rubutu, na tashi tsakar dare na roƙi Allah. In yaran nan suka gane, su za su fara yanka ni." Na ce masa Allah ya kawo mafita, ya ce amin, ya roƙe ni don darajar iyayena kada maganar ta fita. Daga baya ya bi maigidan nasu zuwa Kano, aka shigar da shi cikin 'yan daba na gaske. Kafin zaɓen 2007 aka aiko cewa an sare shi a wani faɗan unguwa, an yi masa sutura a can. A zaman makoki na ji wani dattijo yana cewa yaro ne na kirki, miyagun abokai suka lalata shi. Dattijon nan yana cikin masu dariya a dakali sanda ake bin yaron da suna.

A 2017 wani ɗalibina ya tura mini wani fim na Amurka a waya, mai suna Moonlight, wanda Barry Jenkins ya ba da umarni, ya kuma ci kyautar Oscar ta gwarzon fim a watan Fabrairun shekarar. Labarin wani yaro baƙar fata ne, Chiron, a unguwar talakawa ta Liberty City a birnin Miami. Uwarsa ta faɗa shan ƙwaya, yara suna binsa da jifa da gori saboda yanayin tafiyarsa tun kafin shi kansa ya san ma'anar kalmar da suke jifansa da ita. A sakandare shugaban masu cin zalinsa ya tilasta wa abokinsa ɗaya tilo ya doke shi a gaban jama'a. Da ya koma makaranta sai ya shiga aji kai tsaye, ya ɗaga kujera ya rotsa wa azzalumin a baya, 'yan sanda suka tafi da shi. A kashi na uku sai ga shi a Atlanta ya zama ƙato, haƙora sun sha zinare, yana sayar da ƙwaya, yara na rawar jiki a gabansa. Da na kai wajen kujerar nan sai na ajiye wayar. Gorar sallar Gani na gani.

Ba wannan fim kaɗai ba ne irinsa. A Ingila an yi Shank a 2009, labarin wani saurayi a birnin Bristol da ke cikin gungun masu dukan mutane suna ɗauka a waya, yana ɓoye sirrinsa, har ranar da ya hana a ƙarasa wani ɗalibi Bafaranshe, gungun ya juyo kansa. A 2016 aka yi Check It, wanda ba ƙirƙira ba ne, a kan wasu yara a Washington da duka ya ishe su har suka kafa dabarsu su kaɗai. Akwai abubuwa a cikin waɗannan finafinai da ban yarda da su ba, kuma ba zan sa wa ɗana su ba. Amma sun gane wani abu da na gani da idona a Kusugu tun kafin a yi su: yaron da aka hana shi zama lafiya saboda laushinsa yakan nemi mafaka a wurin da ya fi ko'ina taurin kai, kuma don kada a gane shi yakan fi kowa mugunta.

Hukuncin addininmu a kan luwaɗi sananne ne, ba shi na zo tattaunawa ba, kuma dokar tarayya da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Abokina bai zo gabana da wani aiki da ya aikata ba. Ya zo da jarrabawar da yake kuka da ita a gaban Ubangijinsa. Abin da unguwa ta hukunta shi a kai tun yana ɗan shekara goma shi ne siririyar murya da iya tuƙa tuwo. Addinin da ya haramta wancan shi ne ya haramta izgili da jifan juna da miyagun laƙabi da bin diddigin asirin mutane, a jere cikin Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12. Mun biya ayoyin nan a makarantar allo tare da shi, ya fi mu iya karanta su, amma ban taɓa jin wani babba ya tsawata wa yaro da su saboda shi ba.

Cewa irin wannan labari ba ya faɗuwa da Hausa ba gaskiya ba ne. Daga Daura in ka bi ta Kwangwalam ka tsallaka iyaka, Damagaram ba nisa. A can Aicha Macky, 'yar garin, ta ɗauki kyamara ta shiga unguwar Kara-Kara, inda aka ware kutare a da, ta zauna da 'yan dabar da ake kira palais, ta fito da fim ɗinta Zinder a 2021. Ba ta yabe su ba, ba ta kuma tsine musu ba. Ta bar su sun faɗi yadda aka yi suka kai inda suke, mai kallo ya ga cewa kowane tabo a jikinsu akwai abin da ya gabace shi. Fim ɗinta bai shafi irin sirrin abokina ba, amma ya nuna cewa ana iya tambayar ɗan daba daga ina ya fito.

A Kano kuwa, inda kusan duk finafinanmu ke fitowa, hukumar tace finafinai a ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta sanar a 2024 cewa ta hana finafinan daba da na daudu, duka biyun a sanarwa guda. Na fahimci dalilinsu. Ƙwacen waya ya addabi Kano, kuma wasu shirye-shiryen da ake sakawa a YouTube sun mai da ɗan daba gwarzo, yara na kwaikwayon tafiyarsa da kirarinsa. Hana fitar da ɗan daudu a matsayin abin dariya ma zai rage wa wani yaro azabar da abokina ya sha a zaure. Sai dai haramcin da bai bambanta tsakanin fim mai tallar wuƙa da fim mai binciken abin da ya kai yaro ga wuƙa ba, ya rufe ƙofar da muke da bukatar ta.

Ina roƙon hukumar da marubutan Kannywood su zauna su samar da wannan bambanci. A ba mu fim guda a kan maraya mai taimakon uwarsa a kicin, wanda unguwa ta bi da suna har ya ɗauki gora, a nuna dattawan dakali da dariyarsu, a nuna innarsa ranar da aka aiko daga Kano. Babu abin da zai saɓa wa shari'a a cikinsa, kuma a haska shi a Daura.