Igiyar Awo Ta Tsallaka Challawa

Wanda ya daɗe bai bi titin Madobi ba zai yi ta zuba ido ya ga inda Kano za ta ƙare, ita kuwa ta ƙi ƙarewa. Tun daga Sharaɗa, a bi ta Ja'en har a dangana da Panshekara, gini ne riƙe da gini: shagunan caji, masu walda, 'yan bulo sun shanya hajarsu a rana, ga tifofi na tahowa daga kogi da jiƙaƙƙen yashi suna ɗiga a kan kwalta. Da ƙuruciyarmu, in mota ta bar Panshekara, dawa da gero ne ke raka mutum, sai kuka da ɗorawa jefi-jefi. Yanzu ko an haye kogin Challawa an shiga ƙasar Madobi, wajajen Kafin Agur da Kwankwaso, ido ba ya rasa ƙananan turakun siminti da aka kakkafa a cikin gonaki, wasu da lamba da jan fenti, wasu an zagaye su da bulo sahu biyu don a san suna da mai su.

Kawuna ne ya aiko a kira ni. Ya ce in zo in ga abin da ake yi masa a bayan gida, tunda na yi boko na san takarda.

A motar haya na zauna kusa da wani dillalin filaye. Muna gama gaisawa ya shigo da sana'arsa.

"Alhaji, ba ka taɓa fili ne? Akwai hamsin-hamsin, akwai rabi, ashirin da biyar a hamsin. In ma kaɗan-kaɗan za ka biya, sai mu daidaita."

"Awon gwamnati ne?"

"Awon igiya ne, amma lafiyayye. Da shaidu, da sa hannun mai unguwa."

Tsarin sananne ne. Mai kuɗi ya sayi gona a hannun manomi ko magada, ya ɗauko mai awo, a ja igiya a yayyanka ta, a sayar da takardar ciniki ba tare da taswirar ta je gaban hukuma ba. Da yawa daga unguwannin da suka kewaye birnin Kano haka suka tashi. A farkon shekarun 1970 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi nazarin manoman Ɗorayi, ta fitar da littafi a kansu a 1977. A lokacin gidaje ne warwatse a tsakiyar gonaki, jakuna na kai itace birni suna dawowa da taki. Yau mai neman gona a Ɗorayi sai ya sha yawo. Abin da ya cinye ta cikin shekara hamsin shi ne ya kamo hanyar Madobi, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 136,000, a jihar da aka ƙirga miliyan 9.4 a shekarar.

Gidan kawu yana bakin gari, ginin da: zaure, tsakar gida mai faɗi, rumbuna, turken awaki, da rijiya a kusurwa. Bayan katangarsa gonar maƙwabcinsa ce, wanda suka tsufa suna gaisawa ta kan iyaka. Da mai gonar ya rasu aka raba gado, magada suna da yawa, kason kowa bai isa noma ba, sai suka haɗu suka sayar wa mutum ɗaya daga birni. Damina ba ta zagayo ba aka yanka ta.

Lissafin mai yanka a fili yake. Eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, fuloti mai hamsin-hamsin kuwa 2,500. In ba a bar hanya ko ɗaya ba, fuloti 17 za a fitar. Duk layin da ya buɗe, duk kwatar da ya ware, daga aljihunsa aka zara. Shi ya sa layin da kawu ya bi da ni ya matse har a daidaita sahu biyu ba za su gifta juna ba.

"Ɗana, ka ga lungun nan? Ran da aka yi rasuwa a ciki, sai da aka karkata makara kafin ta fita."

Daga nan ya kai ni gindin katangarsa, inda ƙasa ta zaizaye aka tokare da itace.

"Ruwa ba ya barin hanyarsa. Tun ina yaro ruwan unguwar nan ta gonar nan yake gangarawa zuwa kududdufi. Sun cike kududdufin da shara da ɓaraguzai sun sayar, sun yi gini a kan hanyar. To ina zai bi? Ga shi nan ya biyo ta kaina."

Abin da ya fi tayar mini da hankali rijiyar ce. Masana lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin hamsin kimanin mita 15 ne kawai ta kowane ɓangare, rabinsa kuma faɗinsa bai kai mita 8 ba. Ko mai shi waliyyi ne, ba shi da inda zai kai shaddarsa da za ta yi nisa da ruwan shan wani. Ta sabon maƙwabcin kawu tana jikin katanga, rijiyar da jikoki ke sha tana ɗaya gefen. Matar kawu ta ce mini sun koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, na rijiyar sai wanki. Ta kuma nuna mini zanar da suka kafa a tsakar gida, domin wani ya ɗora bene a kan rabin fuloti, tagarsa na kallon inda mata ke daka da girki. Burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa shi ma ya shiga cikin awon, yanzu ta gefen gonakin mutane suke ratsawa, kowa kuwa ya san abin da hakan ke haifarwa da kaka.

Da la'asar na tarar da mai gidan da ke jikin katangar yana zuba wa bulo ruwa. Matashi ne, lebura a ɗaya daga masana'antun fata na Challawa. Ya daɗe yana hayar ɗaki ɗaya a Sheka da matarsa da 'ya'yansu, kuɗin haya na tashi duk shekara. Adashi ya yi ta zubawa, matar ta sayar da awakinta, suka haɗa kuɗin rabin fuloti. Da na yi masa maganar ruwa sai ya ajiye bokitin.

"Wallahi Yaya ban san nan hanyar ruwa ce ba. Da rani na saya. Ni ma a watan Agusta a kan benci muka kwana. Baba kuma ina jin nauyinsa, ko gaishe shi na zo yi sai in ji kunya."

Ba ni da bakin ganin laifinsa, kuma ban yarda ƙanƙantar fuloti ita ce cutar ba. Mutumin da ke karɓar albashin lebura yana da haƙƙin ya mallaki inda zai sa haƙarƙarinsa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 suna da tituna da magudanu, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin irinsa nesa ba kusa ba. In aka ce sai babban fuloti mai takardar shaidar mallaka, an yanke masa hukuncin haya har mutuwa. Cutar tana cikin abin da mai yanka ya ƙi bari: hanya, kwata, filin makaranta, wurin binne gawa. Ya karɓi kuɗin waɗannan wurare ya koma birni, ya bar tsohon maƙwabci da sabo suna hararar juna a kan ɓarnar da ba su suka yi ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, shi ke ba da wadda aka ayyana ta birni, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya. A Kano akwai KNUPDA mai amincewa da tsarin fulotai da gini, da KANGIS mai rajistar filaye. Sai dai gonakin gefen gari saurin sauyawa gare su: bara gona, bana unguwa, kafin maganar takarda ta taso an yi rufi an tare.

Limamin unguwar, da muka zauna bayan magariba, ta wata ƙofa ya shigo wa zancen. Ya tuna mana hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya hukunta a bar wa hanya zira'i bakwai idan an yi saɓani a kanta, wato kusan mita uku da rabi, a zamanin raƙumi da jaki ke nan. Kawu ya tambaye shi ko yana da haƙƙin a fara yi masa tayin gonar kafin baƙo. Malam ya ce a Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba, Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Amma hana cutarwa yana nan daram, kuma malaman mazhabarmu sun hana buɗe tagar da ke leƙa gidan wani. Ni ma na san cewa wani magini a Tunis, Ibnur Rami, ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini, har da na taga da kwata da masai. Ilimin yana cikin littattafanmu tun kafin a haifi mai awon farko.

Washegari kawu ya tafi da ni Kura, inda yake karɓar hayar fili yana noman shinkafa. A can na ga abin da nake ta laluben yadda zan faɗa. Ruwan da ke shayar da Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Yana biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙanana, ya shiga gona da ƙafarsa ba inji, ya fita ta magudanar da aka tanadar masa. Kafin a zuba iri ko ƙwaya ɗaya sai da aka auna gangaren ƙasa, aka san mashigar ruwa da mafitarsa, aka bar hanyar tarakta. Filayen nan ma ƙanana ne, gado na ƙara tsattsaga su, ana haya ana jingina, amma ba wanda ke sayar da kanal, domin kowa ya san in ya toshe shi shinkafarsa ce za ta fara mutuwa. Har ƙungiyoyin manoma gare su masu fita yashe kachalla. Na tsaya a kan gaɓar ina tunanin an yi wa shinkafa da tumatir gatan da ba a yi wa 'ya'yan wancan matashin ba, alhali tsakanin wuraren biyu ba wata tafiya ba ce.

Da muka koma Madobi mai unguwa ya tara mutane a zaurensa, tsofaffin mazauna da sababbi. Akwai sahun fulotai a gangaren da ba a kai ga ginawa ba, aka kawo shawarar a yi karo-karo a saye su a bar wa ruwa hanya. Matashin nan ne ya fara cewa zai bayar da nasa kason, ya kuma yi alkawarin cike shaddarsa ya haƙa wata a ɗaya kusurwar. Mai benen ya yi ta gardama, sai da liman ya sa baki ya yarda zai toshe tagar ya buɗe ƙarama can sama. Ni aka ba biro na rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka ajiye biyan kuɗin sai an girbe shinkafa. Dillalin mai filin ya ce zai kai wa maigidansa maganar, amma a sani akwai wanda ya riga ya taya biyu daga cikin fulotan, kuma bai ga alamar za a rage ko kwabo ba.