A Houston, Ƙofar Kanti Ma Sai An Karanta

Kwana biyu da saukata Houston, ɗan yayata ya ɗauke ni mu je cefane. Zafin garin mai danshi ne irin na Legas, riga na manne wa mutum a baya, don haka da muka fito daga mota sauri nake in faɗa cikin sanyin kanti. Sai wani allo ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Fari ne, an cika shi da manyan baƙaƙe tun daga sama har ƙasa, rabi da Turanci rabi da Sifaniyanci, ga lamba 30.07 a ciki. Na ɗauka sanarwar haraji ce.

"Kawu, taho, ba da kai ake ba," in ji yaron yana dariya. "Cewa suka yi kada a shigo musu da bindiga a fili."

"A fili? To a ɓoye fa?"

"A ɓoye babu laifi. Wannan allonsa daban, kuma ba su kafa shi ba."

Daga ranar na zama mai karatun ƙofofi. Ba na wuce gidan abinci, ko shagon aski, ko wurin wankin mota ban duba gilashinsa ba, har na gane cewa gardamar bindiga da muke ji a rediyo kamar ta 'yan majalisa ce kaɗai, a Texas ta sauko ta zauna a bakin kowane shago.

Abin mamaki, jihar da muka sani a finafinan kaboyi ta daɗe tana cikin masu tsanani. Tun 1871 dokarta ta hana yawo da ƙaramar bindiga. Abin ya fara juyawa ne bayan Oktoba 1991, lokacin da wani mutum ya kutsa da mota cikin gidan abinci na Luby's a garin Killeen ya harbe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda aka kashe iyayenta biyu a wurin, bindigarta kuwa tana cikin mota saboda doka ta hana ta shiga da ita. Ta ɗauki maganar ta yi ta yawo da ita, daga baya ma ta zama 'yar majalisar jiha. A 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba mai lasisi damar ɗaukar bindiga a ɓoye. Ranar 1 ga Janairu 2016, a zamanin Gwamna Greg Abbott, aka yarda mai lasisi ya rataya ta a fili cikin kube. Daga 1 ga Satumba 2021 kuwa lasisin ma ya daina zama dole ga mafi yawan waɗanda suka kai shekara 21.

Amma duk dokokin nan sun bar wa mai wuri ikonsa. Shagonka ne, kana iya cewa a'a, sai dai a'ar tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ta haifi allunan. Mai lamba 30.06 yana hana mai lasisi shiga da bindiga a ɓoye, mai lamba 30.07 yana hana shi shiga da ita a fili. Dole kalmomin su zo daidai yadda doka ta tsara, cikin harsuna biyu, kowane harafi ya kai aƙalla inci ɗaya, launin rubutu ya bambanta da na allo. Da dokar 2021 ta zo, aka ƙara na uku mai lamba 30.05 don marasa lasisi. Mai ƙaramin shagon da ke son hana bindiga gaba ɗaya sai ya rufe rabin gilashinsa da rubutu, har mai wucewa ya kasa ganin hajar da ke ciki. Akwai kuma jan allo mai ɗauke da 51%, na mashaya, wato wurin da mafi yawan cinikinsa na giyar da ake sha a nan take ne. Can doka ce da kanta ta hana, ba mai wuri ba.

Yadda manyan kamfanoni suka taka rawarsu shi ya fi ba ni sha'awa. Whataburger, gidan abincin da mutanen Texas ke ji da shi kamar gadon gidansu, tun a 2015 ya sanar cewa ba zai yarda da bindiga a fili ba, dalilinsa kuwa ma'aikata da masu saye da yawa ba sa sakewa in sun ga wanda ba jami'in tsaro ba da makami a ƙugu. Amma bai hana ta ɓoye ba. H-E-B, babban kantin kayan abinci na jihar, shi ma hanyar da ya bi ke nan. Wasu kuma ko hani ba su yi ba, roƙo suka yi. Starbucks a 2013, Chipotle da Target a 2014, duk cewa suka yi don Allah a bar ta a gida. Walmart, wanda shi kansa yana sayar da bindigogin farauta, sai a Satumba 2019 ya roƙi a daina shigo masa da makami a fili, wata ɗaya bayan harin da aka kai reshensa na El Paso, wanda ya ci rayuka 23. Kroger ya bi sahu a lokacin.

In aka lura, kusan dukkansu ba bindigar suke kora ba, ganinta suke kora. Mutumin da ke bayanka a layin biyan kuɗi yana iya kasancewa da ita a ƙarƙashin riga, kamfanin ya sani, kai ma ka sani, an dai yi yarjejeniyar kada a nuna. Da farko na ga abin kamar yaudarar kai. Da na daɗe sai na fara tausaya musu, don gaba kura ce baya sayaki. Ka kafa allo, masu bindiga su sa sunanka a jerin wuraren da ba za su ƙara kashe ko sisi ba, wasunsu har ɗan kati suke ajiye wa manaja mai cewa in babu bindiga babu kuɗinsu. Ka ƙi kafawa, uwa mai 'ya'ya uku ta hango ƙarfe a ƙugun wani ta ajiye kwandonta ta fice, ba za ta ma gaya maka dalili ba.

Akwai waɗanda suka mayar da abin talla. Wani mai gasa nama a Cypress, gefen Houston, ya yi suna a 2016 saboda rangwamen da ya yi wa duk wanda ya zo cin abinci da bindigarsa a rataye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san masu sayen namansa.

Duk da wannan tarin alluna, sau ɗaya tak na ga bindigar da idona a jikin farar hula cikin mako uku. A wani gidan gasasshen nama ne a bayan gari, inda hayaƙin itace ke tashi tun daga wurin ajiye motoci, ana yanka maka nama a auna a zuba kan takarda kamar wurin mai tsire. Dattijo ne mai furfura, hannunsa ɗaya riƙe da wata yarinya da na ɗauka jikarsa ce, ɗayan riƙe da faranti, ga baƙar fistol a kube a ƙugunsa na dama. Babu wanda ya ɗaga kai sai ni. A gida, in ka ga bindiga a jikin mutum ka san ko hukuma ce, ko mafarauci, ko ɗan sa-kai, ko kuwa ranar tsautsayi ce. Jikina bai san inda zai ajiye kakan da ke zaɓar wa jikarsa lemo ba, sai na tsinci kaina na koma kujerar da ke fuskantar ƙofa.

Wanda na fi tunawa shi ne ma'aikacin da nauyin ke faɗowa kansa. Doka ta ce ko babu allo, in mai wuri ko wakilinsa ya ce wa mutum ya fita da bindigarsa, dole ya fita, in ya ƙi laifin ya yi nauyi. To amma wa zai faɗa? Ba shugaban kamfani da ke ofis a San Antonio ba. Yarinya ce 'yar shekara 19 da ake biya da awa, ita za ta tunkari ƙaton da ba ta sani ba ta ce masa ya yi haƙuri. Tun 2021 kuma ganin bindigar ba ya nuna cewa mai ita ya taɓa zama a ajin horo ko an binciki tarihinsa.

Ranar da zan yi tsaraba muka bi titin Bissonnet, a kudu maso yammacin birnin, inda shagunan 'yan Najeriya suka yi yawa, ana jin warin busasshen kifi da manja tun daga ƙofa. Shagon da muka shiga babu allo ko ɗaya a gilashinsa, sai tallan aika kuɗi gida. Na tambayi matar da ke wurin dalili. Ta ce ita ba za ta rubuta wa ɓarawo da manyan baƙaƙe cewa babu makami a shagonta ba, gara ya yi ta tunani. Na ce to akwai ne? Ta yi murmushi ta miƙo mini canjina.

Da muka koma mota na nemi inda zan ajiye rasit, na kai hannu zan buɗe ɗan akwatin da ke gaban kujerata. Yaron ya yi wuf ya dafe murfin.

"Kawu, bar nan. Kawo in sa maka a aljihun ƙofa."

Na dube shi, ya kau da kai yana gyara madubi. Sai da muka hau babban titi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Don Allah in ka koma kada ka gaya wa Hajiya."