Gondar: Fadar Fasiladas da Cocin da Ya Tsira

Gondar tana can kan tsaunukan Habasha, inda sanyin hantsi ke ratsa ƙashi. A 1636 Sarki Fasiladas ya mayar da ita babban birninsa, ya gina fadar dutse mai hasumiyoyi. Wasu benayen harabar ba su da rufi yanzu. Jiragen Ingila sun yi musu ruwan bama-bamai a 1941, lokacin da sojojin Italiya ke ciki.

Amma cocin Debre Birhan Selassie ya fi tsaya mini a rai. Dakarun Mahadi daga Sudan sun ƙone majami'un garin a 1888, shi kuwa ya tsira. Mutanen garin na cewa ƙudan zuma ne suka fatattake su. Silinsa cike yake da zanen fuskokin mala'iku. Tun da rikicin yankin Amhara ya ɓarke a 2023, masu zuwa kallonsu sun ragu ƙwarai.