Ƙwayar Barcin Inna

Mutumin ƙasar Magarya ba ya buƙatar a tuna masa shekarar 2005. Damanar da ta gabace ta ba ta yi kyau ba, kafin bazara rumbuna sun yi fayau, tiyar hatsi ta kai kuɗin da ba mu taɓa jin irinsa ba. A shekarar ce likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kafa aikinsu a Magarya saboda yaran da tamowa ta kama. Ƙauyenmu yana gabas, wajen Dungas, wadda a lokacin take ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 aka yanke ta ta zama gunduma. Baba ya tsallaka Najeriya ci-rani ta Maigatari, kamar yawancin magidantan garin. Yana can autarmu ta rasu, ko yaye ba ta kai ba.

Da aka share makoki kowa ya koma harkarsa, ban da Inna. Tana zaune lafiya lau sai ta dafe ƙirji ta ce gabanta faɗuwa yake yi. Zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya sarƙe, ta fara kalmar shahada don ta tabbata ajali ne ya zo. Can a jima abin ya sake ta, ya bar ta a galabaice. Da dare takan tashi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kara hannu a hancinmu, ta ji ko muna numfashi. Sallamar baƙo a zaure kuwa ba ta ƙi jinin komai kamarta ba, don a zatonta saƙon rasuwar Baba aka kawo. Baba ya dawo da damana lafiyarsa ƙalau, amma faɗuwar gaban ba ta tafi ba.

An yi abin da aka sani. Malam ya yi rubutu, Gwaggo ta ce iska ce ta kawo tazargade aka yi hayaƙi. Har yau ban raina addu'o'in nan ba, su suka riƙe Inna a lokacin da ba ta da abin riƙewa. Barci ne dai ya ƙi samuwa.

Akwai wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa a kan keke, da kwali ɗaure a baya, kayansa duk daga ƙetaren iyaka. Ba ya karanta abin da ke jikin takardar, da launi yake gane su: wannan ta ciwon jiki, wannan ta ƙarfin noma, wannan ta barci. Ya saurari Gwaggo, ya ɓallo wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, ya ce a ba ta ɗaya bayan lisha. Ranar Inna ta yi barci har hantsi. Gida ya cika da hamdala. Daga nan aiken ya koma hannuna, kowace kasuwa ni ke zuwa da 'yan kuɗi ƙulle a bakin riga.

Sai da na girma na san sunanta, diyazefam, wadda wasu ke kira Valium, samari kuma su ce D5. Kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya fito da ita a 1963, ta zama cikin magungunan da aka fi rubutawa a Amurka da Turai kafin likitocin can su farga da yadda take kama mutum. Aikinta shi ne ta ƙara wa sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa ƙarfi, shi ya sa kafin awa guda mai fargaba yake jin jikinsa ya saki. Ba kuma muguwar aba ba ce a inda ta dace. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjiga, da ita ake tsayar masa a likita, kuma Allah kaɗai ya san yaran Magarya da Dungas nawa ta ceta a cikin damana. Matsalar tana ga shan ta kullum, domin cikin 'yan makonni jiki yake sabawa, ya nemi ƙari, ya kuma ƙi yarda a raba shi da ita.

Haka ta faru da Inna, a hankali, yadda ba wanda ya lura. Ɗaya ta daina isa, aka koma biyu, daga baya har da ta rana. Matar da ke riga kowa tashi ta koma sai an tashe ta sallar asuba. Magana ta yi mata nauyi. Ta ɗora tukunya ta manta, sai ƙauri ya ishi maƙwabta. Ta aike ni, in dawo ta tambaye ni inda na je. Wata rana a bakin rijiya ta sunkuya za ta ɗauki tulu, jiri ya kwashe ta, Allah ya sa baya ta faɗi. Mutane suka ce tsufa ne ya zo mata da wuri, alhali ko arba'in da biyar ba ta cika ba. Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne fargabar da aka sayi ƙwayar dominta tana nan daram, tana jiran ƙarfin maganin ya sauka ta taso.

Wata damana ruwa ya yanke hanya. Kasuwa ta ci mai keke bai zo ba, ta sake ci bai zo ba. Kwanakin farko ba a ga komai ba, domin diyazefam tana daɗewa a jiki kafin ta fita, kuma wannan jinkirin ne ya sa ba wanda ya haɗa abin da ya biyo baya da yankewar magani. Hannunta ya kama rawa, barci ya ƙaurace gaba ɗaya, ƙarar taɓarya ta zame mata azaba, ga gumi ga amai. A daren ƙarshe ta faɗi tana jijjiga, ta ciji harshe. Gwaggo ta ce iskokin ne suka dawo da fushi. Da mai keke ya samu hanya aka ba ta ƙwaya, ta lafa, sai kowa ya ƙara gaskata cewa ita ce maganin. Ƙwayar ta zame mana kamar bashin ɗan kasuwa a lokacin yunwa, kana ci yau, gonarka tana tafiya.

Yayanmu ne, da ya fara samun abin hannunsa, ya ce sai an kai ta Damagaram. Daga Magarya tafiyar kusan kilomita 100 ce, mu kuma sai mun fara fitowa daga ƙauye. Inna ta ƙi da farko, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan da muka samu ya karɓi takardar ƙwayar ya juya ta, ya tambayi tun yaushe, nawa a rana. Ya duba wuyanta ko akwai maƙoƙo, ya sa aka auna jininta, domin cutar maƙoƙo da ƙarancin jini su ma suna kawo bugun zuciya. Ya tambaye ta goro nawa take ci. Inna ta yi dariya, karo na farko a ranar, ta ce ba ta ƙirgawa. Ya ce, “Inna, goro da shayi mai ƙarfi suna zuga bugun zuciyar nan, a rage su.” Sannan ya ce kada a kuskura a tsayar da ƙwayar rana ɗaya, za a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan cikin watanni, ya rubuta yadda za a yi ya miƙa wa Yaya.

Ya ce magungunan da suka fi dacewa da doguwar damuwa ba sa aiki nan take. Ya ambaci fuluwoksetin, wadda aka sani da Prozac, da aka amince da ita a Amurka a 1987. Ita da danginta sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, kuma a farkon shan su mutum kan ji tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci fargabar ma ta ɗan ƙaru kafin ta sauka. Suna kuma rage sha'awa tsakanin ma'aurata, abin da kunya ke hana mutanenmu faɗa, sai dai a ga sun watsar da magani shiru. Akwai furofuranolol mai rage bugun zuciya da rawar hannu, amma ba a ba mai asma, kuma ba ta taɓa tunanin da ke haddasa abin. Ga Inna, da yake baƙin ciki da rashin barci sun haɗu da fargabar, kuma dole a zaɓi abin da za mu iya samu kusa da gida mu kuma iya saye, ya rubuta amitiriftilin, wadda a farmasi ake kira Laroxyl, ƙaramin awo da dare.

Ita ma ta zo da nata. Baki ya riƙa bushewa, da azumi ya kama har leɓenta ya tsage. Bayan gida ya yi wuya, sai da aka dage da miyar kuka da ruwa mai yawa. In ta miƙe da sauri jiri ya ɗebe ta, don haka ta koyi zama a bakin gado tukuna. Ta yi ƙiba. A mako na biyu ta ce, “Ɗan nan, wannan ba ta aiki, ka nemo mini ta da.” Abin da ya hana mu bin maganarta shi ne likita ya riga ya faɗa mana duk wannan zai faru, ya faɗi kuma lokacin da za a fara ganin sauƙi. Ya gargaɗe mu a kulle maganin, domin in yaro ya sha da yawa yana taɓa zuciya har ya kashe, sai Baba ya riƙa ajiye shi a akwatinsa. Majo, wato babban ma'aikacin likitar da ke kusa da mu, shi ya ci gaba da bibiya. Yakan zauna da ita ya koya mata jan numfashi a hankali in abin ya taso, ya kuma bar ta ta yi maganar autarta, wadda shekara da shekaru ana ce mata ta yi haƙuri ta bar tunawa. Kafin shekara ta zagayo Inna ta rabu da ƙwayar ruwan ɗorawa, daga baya aka janye ɗayar ma a hankali. Gabanta yana faɗuwa jefi-jefi har yanzu, amma ta san ba mutuwa ba ce, kuma ita ke tashin jikokinta da asuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da cutar fargaba. A jagoran da ta sabunta a 2023 ta ce kada a yi maganin wannan cuta da dangin diyazefam, sai dai in abin ya yi tsanani, shi ma na kwana 3 zuwa 7. Inna ta yi shekaru a kai. Ban ɗora wa mai keke laifin duka ba, shi ne ya iso ƙofarmu lokacin da likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan ƙalilan ne, yawancinsu kuma a Yamai. Yau masu keken sun koma babur, kwalin ya ƙara cika, samari suna haɗa D5 da tramol, haɗin da ke iya tsayar da numfashi cikin barci.

In akwai wanda ke shan ƙwayar barci kullum a gidanku, kada ku ƙwace ta rana ɗaya, kada kuma ku ci gaba da sayo masa a kasuwa. Ku ɗauki takardar maganin ku tafi da shi likita, ku faɗi gaskiyar nawa yake sha. Duk abin da aka rubuta masa a madadinta, kada ku tashi sai kun tambayi yaushe zai fara aiki, da abin da zai ji a jikinsa kafin nan.